USS Serpens: Japanawa ne suka harbe shi, ko lodi ne ya ci mutum 250?

Bakatsine_77:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya ga masu bibiyar tarihin Yaƙin Duniya na Biyu. A maƙabartar sojoji ta Arlington, kusa da Washinton, akwai wani dutse mai kusurwa takwas da aka zana sunayen mutum 250 a jikinsa, kuma duk mutanen jirgi ɗaya ne, USS Serpens. Abin da ya ɗaure min kai shi ne jirgin nan ba na faɗa ba ne, na dakon kaya ne. Sannan inda ya tarwatse, tsibirin Guadalcanal da ke cikin tsibiran Solomon a kudancin tekun Fasifik, a Janairun 1945, an kusa shekara biyu da korar Japanawa daga wurin. To wa ya hallaka su? Wani ya ce min daga ƙarƙashin ruwa aka harbe shi, wani ya ce a'a, lodi ne ya ci su. Masu sani a taimaka.

Malam_Na_Tarihi:
Wa alaikumus salam. Kafin a je ga daren da ya fashe, bari mu san jirgin tukuna, don mutane sun fi son ƙarshen labari su bar tsakiyarsa.

An fara ƙera shi ran 10 ga Maris 1943 a ma'aikatar California Shipbuilding da ke yankin Los Angeles, aka tura shi ruwa ran 5 ga Afrilu. Ku lissafa, kwana 26 ke nan. Da farko sunansa Benjamin N. Cardozo, sunan wani tsohon alƙalin Kotun Ƙolin Amurka, kuma jirgin 'yan kasuwa aka nufa da shi. Sai rundunar sojan ruwa ta karɓe shi a cikin Afrilun, ta sauya masa suna zuwa Serpens, ta ba shi lamba AK-97. Jiragen ajinsa akasari sunayen taurari ake sa musu. Ya shiga aiki ran 28 ga Mayu 1943 a San Diego.

A watan Yuni ya yi lodi a Alameda ya nufi kudancin tekun Fasifik, kuma bai sake ganin Amurka ba. Daga nan sai zirga-zirga: Tonga, New Caledonia, Wellington ta Niyu Zilan, Fiji, Tutuila, Bora Bora, Aitutaki, Penrhyn. Wasu daga cikin tsibiran nan ko a taswira sai ka sa tabarau. A farkon 1944 ya kai kaya Empress Augusta Bay da ke Bougainville, inda Amurkawa suka sauka tun Nuwamban 1943 amma Japanawa na nan cikin daji. Sauran shekarar ya yi ta tsakanin Niyu Zilan da New Hebrides da tsibiran Solomon. A ƙarshen 1944 aka gyara uku daga cikin rumbunansa guda biyar domin su ɗauki albarusai. Wannan gyaran shi ne mafarin abin da Bakatsine yake tambaya.

Dan_Fagge:
Kwana 26? Malam, jirgin ruwa fa, ba rumfar kasuwa ba. Ni kam ba sai an yi dogon bincike ba. Aikin gaggawa ne, wani abu ya tsage a ciki, shi ke nan.

Injiniya_Walda:
Dan_Fagge, ka taɓo fagena. Serpens irin jiragen nan ne da ake kira Liberty. Amurka ta ƙera 2,710 tsakanin 1941 da 1945. Dabarar ita ce an bar buga ƙusa an koma walda, kuma ana haɗa manyan ɓangarori a waje ɗaya, sai a kawo su a ɗora. Akwai ma wanda aka yi don nuna bajinta, Robert E. Peary, a Nuwamban 1942, wanda aka tura ruwa cikin kwana huɗu da awa goma sha biyar da rabi. Tsawon kowanne mita 134 da ɗoriya, yana ɗaukar kaya wajen tan dubu goma, injin tururi mai ƙarfin doki 2,500, gudunsa wajen kilomita 20 a awa.

Gaskiya ne wasunsu sun tsage, har akwai waɗanda suka rabe biyu. Amma a ina? A ruwan sanyi, arewacin Atlantika da wajen Alaska. Wata masaniyar ƙarfe a jami'ar Cambridge, Constance Tipper, ita ta nuna cewa irin ƙarfen da aka yi amfani da shi idan ya ji sanyi ƙwarai yakan daina lanƙwasa ya koma karyewa, kuma da yake walda ce ba ƙusa ba, tsagar ba ta samun inda za ta tsaya. Guadalcanal kuwa kusa take da tsakiyar duniya, ruwanta ɗumi ne duk shekara. Kuma ko da jirgi ya tsage, nutsewa yake yi, ba tashi sama ba.

Dan_Fagge:
To na ji. Amma har yanzu ban ga wanda ya ce ga abin da ya kunna wutar ba.

Sojan_Ritaya:
Saurara, ƙanena, za a zo wurin. Daren 29 ga Janairu 1945 jirgin yana tsaye a kan ruwa daura da gaɓar Lunga a Guadalcanal. Ana loda masa bama-baman da ake jefa wa jiragen ƙarƙashin teku. Kwamandan jirgin, Perry Stinson, da wasu mutum bakwai suna kan tudu. Bayan ƙarfe sha ɗaya na dare sai jirgin ya tashi gaba ɗaya. Da hayaƙi ya lafa babu abin da ya rage sai gaban jirgin, shi ma bai daɗe a saman ruwa ba. Mutum biyu kacal suka fita da rai daga cikin waɗanda ke ciki, Kelsie Kemp da George Kennedy, kuma abin da ya cece su shi ne suna can cikin wani ɗakin ajiya a gaban jirgin. Ƙarfen da ya yi tsalle har kan tudu ya kashe wani soja.

Yanzu ka gane matsalar masu bincike. Duk wanda yake bakin rumbun, wanda zai iya cewa igiya ce ta tsinke ko bam ne ya suɓuce, ya mutu a daƙiƙar. Waɗanda suka tsira ba su ga komai ba, ji kawai suka yi.

Ummu_Khalil:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba Soja, tambaya ta jahila: me mutum sama da ɗari biyu suke yi a jirgin kaya? Na ɗauka direba ne da 'yan yaransa.

Sojan_Ritaya:
Hajiya, tambayarki a kan hanya take. Idan Liberty yana hannun 'yan kasuwa, ma'aikatansa wajen arba'in ne, sai 'yan sojan da ke kula da bindigogi. Amma idan ya shiga hannun soja lissafi ya canza. Zai je tsibirin da ba tasha, ba injin ɗaga kaya, ba leburori. Mutanensa ne za su tuƙa, su ne za su sauke kaya cikin ƙananan kwale-kwale, su ne a kan igwa dare da rana, ga masu rediyo, ga masu girki, ga likita. Shi ya sa suka kai kusan ɗari biyu. A daren kuma an ƙaro musu sojojin ƙasa 'yan dako sama da hamsin don a gama lodi.

Gwani_Zongo:
Ƙarin bayani kaɗan a kan maganar Malam_Na_Tarihi. Jirgin na sojan ruwa ne, amma mutanen cikinsa ba sojan ruwa ba ne, dakarun tsaron gaɓar teku ne. Tun 1 ga Nuwamba 1941 Shugaba Roosevelt ya mayar da wannan runduna ƙarƙashin sojan ruwa, suka riƙa tuƙa musu ɗaruruwan jirage. Har yau ba su taɓa yin asarar rayuka a lokaci ɗaya kamar ta Serpens ba. A duk yaƙin sun rasa mutum wajen 1,900, kun ga kusan kashi ɗaya cikin goma a dare ɗaya ya tafi, kuma a wurin da ake ganin bayan fage ne.

Mai_Lissafi:
Ni inda na karanta 196 ne na tsaron gaɓa da 57 na sojan ƙasa. Wannan ya haura 250. Wanne ne daidai?

Gwani_Zongo:
Duk biyun suna yawo a rubuce. Na jikin dutsen Arlington shi ne 193 na tsaron gaɓa, 56 na sojan ƙasa, da likita ɗaya na hukumar lafiya ta ƙasa, Dakta Harry Levin. Jimla 250. Ni na fi riƙe wannan, tun da suna-suna aka bi aka sassaƙa a dutse.

Bakatsine_77:
Allah ya ƙara sani, na ƙaru ƙwarai. Amma ku dawo min kan tambayata. Ita gwamnatin Amurka me ta ce?

Malam_Na_Tarihi:
Ta faɗi magana biyu. Da farko an ɗora abin a kan abokan gaba, kuma har 1947 rundunar tsaron gaɓa tana kan cewa hari ne. Sai a Yunin 1949 sojan ruwa suka rufe fayil da cewa ba harin abokan gaba ba ne. Ku lura da kyau, ba su ce ga abin da ya jawo ba, cewa suka yi ba hari ba ne. Tsakanin maganganun nan biyu akwai tazara, kuma a cikin tazarar ake ta jayayya har yau.

Dan_Fagge:
Ran nawa ga Yuni?

Malam_Na_Tarihi:
Ran 10. Gawarwakin da aka kwaso daga Guadalcanal kuma an sake binne su a Arlington ran 15.

Dan_Fagge:
Kun gani ko! Kwana biyar kafin jana'iza sai a ce ba hari ba ne. Ni yanzu na sauya sheƙa, akwai lauje cikin naɗi. Hari ne aka rufe.

Injiniya_Walda:
Kai ɗan'uwa, ɗazu walda ce ta tsage, yanzu kuma Japanawa ne? Tsaya wuri ɗaya mu san inda za mu same ka.

Kaftin_Bala:
Ku bar Dan_Fagge, maganarsa ba ta rasa tushe ba. Masu cewa yaƙi ya yi nisa da Guadalcanal suna mantawa da cewa a daidai lokacin ne Japan ta fito da kaiten, wato makamin ƙarƙashin ruwa da mutum ke shiga ciki ya tuƙa shi ya je ya yi ƙunar baƙin wake. Ran 20 ga Nuwamba 1944 da shi suka nutsar da tankar mai Mississinewa a Ulithi, wasu tsibirai a yammacin Fasifik, cikin matsayar jirage da ake ganin ba mai iya shiga. Ran 12 ga Janairu 1945, kwana 17 kafin Serpens, suka sake kai hari wurare da dama a rana ɗaya, har suka yi wa jirgin albarusai Mazama lahani a Ulithi ɗin. To wanda yake Lunga a daren, ya ga jirgin albarusai ya tashi, me kake so ya fara zato? Ba wauta ba ce da suka ce hari ne.

Malam_Na_Tarihi:
Kaftin, ranka ya daɗe, zatonsu a daren ba wauta ba ne, na yarda. Amma dubi wuraren da ka lissafa. Ulithi nan ne babbar matattarar jiragen yaƙin Amurka a lokacin, dole Japan ta sa mata ido. Guadalcanal kuwa tun 9 ga Fabrairu 1943 aka gama da ita. A Janairun 1945 faɗa yana Luzon ta Filifin, inda aka sauka ran 9 ga wata, ana kuma shirin Iwo Jima. Japan da jiragen ƙarƙashin tekunta suka kusa ƙarewa, za ta aika ɗaya dubban kilomita zuwa kudu don jirgin kaya guda? Sannan hukuncin 1949 an yi shi ne bayan an ci Japan da yaƙi, takardunta suna hannun Amurka, hafsoshinta suna amsa tambayoyi. Harin Mississinewa an san jirgin da ya kai shi. Na Serpens ba a taɓa tsayar da wani jirgin Japan an ce shi ne ba.

Kaftin_Bala:
Japanawa sun ƙona takardu masu yawa a Agustan 1945, Malam. Kuma jirgin da ya fita bai dawo ba ba ya kawo rahoto.

Sojan_Ritaya:
Ni dai abin da ya sa na karkata ga hatsari shi ne Serpens ba shi kaɗai ba ne. Ku duba wata bakwai da suka gabace shi. Ran 17 ga Yuli 1944 a Port Chicago ta Kalifoniya ana lodin jirage biyu, E. A. Bryan da Quinault Victory, suka tashi, mutum 320 suka mutu. Babu Bajapane ko ɗaya a kusa. Ran 10 ga Nuwamba 1944 jirgin albarusai Mount Hood ya tarwatse a tsibirin Manus da safe, sama da mutum 300 suka tafi, hukumar bincike ta fi zargin yadda ake sarrafa kayan. Sai Serpens a Janairu. Sau uku, kuma kowanne ana cikin aikin kaya.

Akwai kuma maganar abin da ke cikin bama-baman. A lokacin da yawansu da Torpex ake cika su, haɗin abubuwan fashewa RDX da TNT da garin alminiyam. Ya fi TNT ƙarfi da kusan rabi, amma ya fi shi saurin fushi idan ya sha bugu. Shi ya sa daga baya aka maye gurbinsa da wani haɗin da ya fi haƙuri. Mutane suna ɗauka idan ba a sa wa bam abin tayar da shi ba to dutse ne. Ba haka ba ne.

Tsohon_Dan_Dako:
Salamu alaikum. Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na yi shekaru ina aikin lodi a tashar jirgin ruwa kafin gwiwa ta hana. Abin da Baba Soja ya faɗa shi na sani. Lodin dare daban yake. Fitila tana haska wani wuri ta bar wani, mai jan winci ba ya ganin ƙasan rumbu, da hannun mai ba shi alama kawai yake aiki. Idan kuma daga kwale-kwale ake ɗaukowa, ruwa yana ɗaga wannan yana sauke wancan, kaya na lilo a sama. Na ga ragar buhunan shinkafa ta bugi bakin rumbu ta zube, Allah ya kiyaye ba kowa a ƙasa. Mu shara muka yi muka ci gaba. Su nasu ba shinkafa ba ce. Kuma duk inda aka ce jirgi zai tashi gobe, to babba yana kan na ƙasa, na ƙasa yana kan lebura, a yi sauri a yi sauri. Ba sai maƙiyi ya zo ba.

Ummu_Khalil:
Baba, Allah ya ba da lafiyar gwiwa. Bayaninka ya fi shiga kaina a kan duk lambobin nan.

'Yar_Damagaram:
Tun da an ambaci Port Chicago, kada a wuce ba a faɗi sauran ba. Cikin 320 ɗin nan 202 baƙaƙen fata ne, don a lokacin su ake tura wa aikin dakon albarusai, hafsoshi kuma farare, har caca suke yi a kan rukunin da zai fi saurin lodi. Da waɗanda suka tsira suka ce ba za su koma ba sai an gyara tsari, aka gurfanar da 50 da laifin tawaye. Sai a Yulin 2024, bayan shekara 80 cif, sojan ruwan Amurka suka wanke su. Wannan ya nuna min hukuma tana iya yanke hukunci don kare kanta, kuma tana iya daɗewa ba ta gyara ba.

Dan_Fagge:
Yawwa Hajiya! Abin da nake faɗa ke nan.

Injiniya_Walda:
A'a, ba shi kake faɗa ba. Ka yi tunani: idan hukuma kanta take son karewa, wanne ya fi mata sauƙi? Ta ce maƙiyi ne ya harbe mu, ba laifin kowa, ga jarumai sun kwanta dama. Ko ta ce mu da kanmu muka tayar da jirginmu da mutum 250? Na farkon ya fi daɗin faɗa nesa ba kusa ba. Da ta bar shi ta koma na biyun, ni a wurina alama ce ta cewa ba ta samu hujjar hari ba.

Kaftin_Bala:
Ko kuma kwamandan yankin ba ya son a ce jirgin maƙiyi ya shigo har ƙofar gidansa bai sani ba. Kowace fuska akwai mai jin kunya, Injiniya.

Audu_Bama:
Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Kakana yana cikin sojojin Afirka ta Yamma da Ingila ta kai ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau. Runduna ta 81 ta tafi a 1943, ta 82 ta bi a 1944, duk ta jirgin ruwa zuwa Indiya. Abin da ya fi ba mu labari ba harbi ba ne, kaya ne. Da yawansu aikinsu ɗaukar kaya a ka cikin dajin da mota ba ta shiga, jirgin sama ya jefo, su su ɗauka. Ya ce ranar da kaya bai zo ba, jarumi da matsoraci duk ɗaya suke. Shi ya sa da na ga Malam ya jero tsibiran da Serpens ya zaga, na ce wannan wata ashirin ɗin ita ce aikin, ba daren ƙarshe ba. Tauraron yabo ɗaya tak aka ba jirgin.

Malam_Na_Tarihi:
Haka ne, tauraro ɗaya. Allah ya jiƙan Baba. Daga San Francisco zuwa Solomon ya haura kilomita 9,000, kuma duk harsashi, duk gwangwanin abinci, duk taya sai an ɗauko ta. Japanawa da kansu a Guadalcanal yunwa da zazzaɓi sun kashe musu mutane fiye da harsashi, don an datse musu hanyar kawo kaya.

Mai_Lissafi:
Wannan ya tuna min da Ikeja, 27 ga Janairu 2002, da rumbun makamai na barikin ya kama. Sama da mutum dubu, akasari a magudanar ruwan Oke-Afa suka nutse wajen gudu. A daren mutane da yawa sun ɗauka juyin mulki ne ko hari. Ashe gobara ce ta kai ga rumbun.

Bakatsine_77:
To wai me ya sa zuriyarsu suka damu da a ce hari ne? Wanda ya mutu ai ya mutu.

Gwani_Zongo:
Akwai dalili, ɗan'uwa. Lambar Purple Heart a Amurka ana ba wanda abokan gaba suka kashe ko suka raunata ne. Hatsari ba ya ciki. Don haka hukuncin 1949 ya taɓa matsayin mamatan a idon hukuma, kuma har yanzu akwai 'ya'ya da jikoki da ke neman a sake buɗe fayil ɗin. Ka tuna kuma yadda aka binne su. An fara sa su a maƙabartar soja a Guadalcanal, sannan aka kwaso su zuwa Arlington cikin akwatin gawa 52, aka sa a kabari 28, don ba a iya tantance wane ne wane ba. Dutsen an ƙaddamar da shi ran 16 ga Nuwamba 1950. Iyalin da ba su samu gawa ba, ba su samu kabarin kansu ba, ba su kuma samu amsar abin da ya faru ba, ba za ka ga laifinsu ba idan suka riƙe maganar lamba.

Ummu_Khalil:
Ni a ganina dokar lambar ce ke da gyara, ba labarin ba. Mutumin da aka sa shi lodin bam da tsakar dare a lokacin yaƙi, yaƙin ne ya kashe shi, ko da hannun wa.

Sojan_Ritaya:
Hajiya, a zuciya haka ne. A takarda kuwa soja ba ya aiki da haka, don idan aka buɗe wannan ƙofa, wanda mota ta kaɗe a bariki ma zai shigo layi.

Kaftin_Bala:
Ni dai ina nan a kan bakana, kashi talatin hari, saba'in hatsari, kuma talatin ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne da za a rufe fayil a kansa.

Injiniya_Walda:
Kaftin ya sauko daga ɗari zuwa talatin, a rubuta. Wanda yake son ganin irin jirgin da idonsa, akwai biyu da har yanzu suke tafiya a ruwa, John W. Brown a Baltimore da Jeremiah O'Brien a San Francisco. Ku nemi bidiyon ɗakin injinsu, sannan ku leƙa zurfin rumbu ɗaya, ku ga nisan da kaya ke yi daga bakin rumbu zuwa ƙasa.

Dan_Fagge:
Kaftin bai taɓa cewa ɗari ba, ni ne na ce, kuma ban janye ba. Malam_Na_Tarihi, idan ka samu lokaci ka kawo mana na Mount Hood ɗin dalla-dalla, don shi ma ina da tambaya a kansa.